Shekara Biyar Ɗin Da Yaya Ya Rage Min

Masu turo min saƙo kuna cewa "Sailuba, kwantar da hankalinki, talatin da biyar ai da sauranki," na gode, amma ku daina. Yau zan faɗa muku abin da na ɓoye muku tun da na fara wannan rubutu. Shekarata arba'in. Na cika su ranar Asabar da ta wuce, ashirin da shida ga Maris, ana gobe Ista.

Ga yadda aka yi. Shekara bakwai na yi ina jinyar Innarmu a Jos bayan ɓarin jikinta ya shanye. Sa'o'ina suka yi aure, suka kama aiki, ni ina juya ta a kan gado. Da Allah Ya karɓi abarSa, na fito neman aikin nas, duk inda na je sai a ce shekaruna sun wuce. Yayana Maitama ya je ya yi min takardar rantsuwar shekaru, ya bar rana da wata yadda suke, ya mayar da 1976 ta koma 1981. Da wannan takarda na yi fasfo, da ita ya kawo ni Amurka, da ita na zama 'yar ƙasa. Ƙarya ce ta rana ɗaya, ga shi na shekara goma sha uku ina goyon ta.

Ban taɓa jin nauyinta ba sai da Masawudu ya shigo rayuwata.

Masawudu ɗan Kumasi ne, injiniyan kwamfuta a Germantown, shekararsa arba'in da uku. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Tun haɗuwarmu ta biyu ya faɗa min kai tsaye, "Ni fa ina son 'ya'ya, ko guda ɗaya ne." Na ce Allah Ya kawo masu albarka, na sunkuyar da kai kamar kunya ce ta kama ni. An tsayar da Lahadi ta sama zai zo da yayarsa Hajiya Awawu su nemi aurena wurin Yaya.

Safiyar Asabar ɗin, ina ɗakina na ƙasa a gidan Yaya a Upper Marlboro, saƙonsa ya shigo da ƙarfe bakwai da minti huɗu:

"Barka da talatin da biyar, Hajiyata. Na tanadar miki wani abu, wata guda ina ɓoyonsa. Sai mun haɗu gidan Constance."

Na karanta sau uku. Na rubuta "Akwai maganar da nake so mu yi," na goge. Na rubuta "Na gode," na tura da hoton fure.

Na fito da leshina ruwan toka mai ɗigon azurfa wanda na ɗinko tun bara ban taɓa sawa ba, na yi ɗaurin da ke rufe furfurar da ta fara fito min a gefen kunne, na ɗora kot mai kauri saboda sanyin bazarar nan ba shi da amana. Ina hawowa sama na tarar da Yaya a kicin yana shan shayi a tsaye, makullin mota a hannu. Likitan ƙoda ne, kuma ko a gida da muryar asibiti yake magana.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Allah Ya ƙaro masu albarka." Ya dube ni ta saman tabarau. "Idonki ya kumbura. Ba dai maganar nan ce ba har yanzu?"

"Yaya, ina ganin gara in faɗa masa."

Ya ajiye kofin a hankali. "Ki faɗa masa me? Abin da ke fasfo ɗinki shi ne shekarunki. Kin san inda takardar nan ta shiga? Kin san sa hannun wa ke jiki? Idan ya faɗa wa yayarsa, ta faɗa wa ƙawarta, gobe magana ta zaga masallaci, ke kaɗai kike zaton abin zai shafa?"

"Ba zai faɗa wa kowa ba."

"Wata takwas da saninsa har kin iya rantsuwa a kansa. Sailuba, mutum nawa suka zo suka tafi? Wannan ya tsaya. Ki bari a ɗaura, in ya so daga baya ku daidaita a ɗakinku."

Shi ya biya min makaranta, shi ya ɗauko ni, a ƙarƙashin rufinsa nake kwana. Ban taɓa iya yi masa musu ba.

Constance ƙawata ce tun muna aji ɗaya a sakandaren 'yan mata a Jos. 'Yar Birom ce, Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi, kuma duk faɗin Maryland ita da Yaya kaɗai suka san gaskiyar shekaruna. Ita ta yi bikin arba'in ɗinta a watan Janairu. Kowace shekara ana gobe Ista takan tara yaran unguwarsu a Bowie su nemi ƙwai a bayan gidanta, bana kuma da abin ya faɗo ranar haihuwata sai ta ce a haɗa. Daren Juma'ar ta kira ni tana tambaya, "Me zan sa a rubuta a kek?"

"Suna kawai."

"To. Amma ki ji ni da kyau, ni ba zan tona miki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Wanda ya tambaye ni, tashi zan yi in bar wurin."

Ni da Yaya muka isa gidanta wajen sha biyu. Itatuwan layinsu duk sun yi fure fari da ruwan hoda, iska na kaɗo shi kan motoci. A bayan gida yara sun fi ashirin, kowa da kwandonsa, suna tsere suna leƙa gindin shuke-shuke, suna ciro ƙwan roba kala-kala masu alewa a ciki. Chuwang, mijin Constance, yana gasa nama ya ɗaura kunnen zomo a kai saboda yara. A kan dogon tebur ga gwate, ga waina, ga wata ƙatuwar kula ta shinkafa da wake da yajin shito irin na Ghana.

Mai kular na zaune a kujerar roba kamar wadda ta zo yanke hukunci. Hajiya Awawu kenan. Ƙatuwar mace, farin mayafi, zobe uku a hannu ɗaya. Ita ta raini Masawudu bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma sau ɗaya tak muka taɓa gaisawa, a waya.

Na durƙusa. "Hajiya, barka da rana. An zo lafiya?"

"Ei, tashi, tashi. Ke ce Sailuba." Ta riƙe hannuna ba ta saki ba, tana duban fuskata, wuyana, bayan hannuna. Na san wannan kallo, irinsa muke yi wa maras lafiya kafin ya buɗe baki. "Kin yi kyau. Ba ki taɓa aure ba, ko?"

"Ban taɓa ba, Hajiya."

"Talatin da biyar." Ta gyaɗa kai. "Ba laifi. In aka yi sauri za a samu biyu. Gidanmu ya kusa ƙarewa, shi kaɗai ne namiji."

Masawudu na tsaye bayanta cikin farar shadda, yana min murmushi yana ɗaga gira wai in yi haƙuri da ita. Wallahi da zai daina wannan murmushin da abin ya zo min da sauƙi.

Bayan yara sun gama, aka fito da kek. "Sailuba" kawai aka rubuta, da kyandir guda ɗaya. Constance ta buga cokali a kofi, ta zaro jarida daga ƙarƙashin hammata.

"Jama'a, al'adarmu ce ni da ita, duk ranar haihuwa sai na karanta mata abin da taurari suka ce."

"A'uzubillahi," in ji Yaya. "Constance, ba ki daina wannan duban ba?"

"Dakta, wasa ne, ni ma coci za ni gobe." Ta buɗe shafin tana fassarawa. "Masu tauraruwar Rago. Sabuwar ƙofa za ta buɗe muku a wannan wata. Wani na kusa zai ba ku mamaki. Amma ku riƙe bakinku a gaban dangi, maganar da ba ta zama dole ba a bar ta sai wani lokaci."

"To, wannan kam sun faɗi gaskiya," Yaya ya ce, idonsa a kaina. Aka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Hajiya Awawu ta kaɗa hannu. "Mu a Kumasi ba ruwanmu da tauraro. Rana muke tambaya. Rana ita ke nuna halin mutum. Sailuba, wace rana aka haife ki?"

"Juma'a," na ce. Ko tunani ban yi ba. Sau dubu Inna ta ba ni labarin, maza na masallaci ta haife ni, har Jummai take kirana.

"Afia kenan! Masu tausayi ne."

"A'a," in ji Masawudu yana dariya. "Alhamis ce."

Na juya na dube shi.

"Na duba kalanda. Ashirin da shida ga Maris, 1981, Alhamis ce. Shi ya sa ma..." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙaramin akwati ja, ya buɗe. Sarƙar zinare ce siririya, an ƙera suna a jikinta: Lami. "Mu Yaa muke cewa, amma na ce bari in yi miki da naku. Ko na yi kuskure ne?"

Masu karatu, sai a lokacin na gane. Yaya ya canza shekara, bai san rana ma za ta canza ba. A shekarar da aka haife ni ranar ta faɗo Juma'a, a shekarar takarda kuwa Alhamis. Shekara goma sha uku ban taɓa dubawa ba. Constance ta ninke jaridarta ta tsura wa kek ido.

"Ba ka yi kuskure ba," Yaya ya ce, muryarsa ko rawa babu. "Daren Alhamis aka haife ta, wayewar Juma'a. Asibiti suka rubuta Alhamis, tsohuwa ta ce daren Juma'a ne. Ina nan, ni na kai musu ruwan zafi."

"Ahaf!" in ji Chuwang. "Ashe suna biyu gare ta." Aka tafa. Masawudu ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa wa yayarsa akwatin, ita kuma ta tashi da kanta ta ɗaura min sarƙar. Yatsunta sanyi ƙalau a wuyana.

Na tsira. Yaya ya fitar da ni tsaf, ba wanda ya ga komai. Na yanka kek, na ba Hajiya, na ba Yaya.

Hajiya Awawu ta karɓi nata, ta juya wurin Constance. "Ke kuma a ina kuka san juna?"

"Makaranta, Hajiya. A Jos."

"Masawudu ya ce kwanan nan kika yi arba'in. Ke ce babbarta kenan. Aji nawa kika ba ta?"

Constance ta dube ni. Daƙiƙa ɗaya, ba ta fi ba. Sai ta ce, "Bari in duba shayi a wuta," ta shige gida.

Hajiya ta bi ta da kallo har ta rufe ƙofa. Sai ta ci gaba da cin kek ɗinta a hankali.

Masawudu ya ce bari ya ɗauko sauran lemo a mota. Na ajiye wuƙar na bi shi. Na ji Yaya ya kira sunana sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, irin kiran da tun ina yarinya yake tsayar da ni cak. Ban tsaya ba.

Na same shi a bakin titi ya buɗe but ɗin motarsa. Furanni sun zubo a kan gilashin motar.

"Hajiyata, kin biyo ni? Yaya zai ce na sace ki."

"Masawudu, Juma'a aka haife ni. Da rana tsaka."

Ya tsaya da katan ɗin lemo a hannu. "To Yaya ya ce..."

"Yaya ya rufa min asiri ne. Ba 1981 ba ce. 1976 ce. Yau shekarata arba'in."

Ya mayar da katan ɗin cikin but. Ya daɗe yana gyara masa zama kamar wani abu ne mai muhimmanci. Na faɗa masa komai, jinyar Inna, neman aiki, takardar rantsuwa. Ina magana ina jin ihun yara daga bayan gida, wata na kuka an ƙwace mata ƙwai.

"Wata takwas," ya ce. "Ranar da na ce miki ina son 'ya'ya, kin sani."

"Na sani."

"Ranar da na kai ki kabarin matata."

"Na sani."

"Me ya sa?"

"Tsoro na ji. Duk ranar da na ce yau zan faɗa, sai ka yi min wani alheri, sai in ce bari gobe."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Na je wurin maƙeri har sau uku saboda sarƙar nan. Ya ce wane irin suna ne Lami, na zauna ina yi masa bayani." Ya shafa fuskarsa. "Da Yaya Awawu ba ta yi tambayar nan ba, yaushe za ki faɗa min? Bayan an shafa fatiha?"

Na so in ce a'a. Na kasa, don ban sani ba.

Ya rufe but ɗin. "Zan mayar da ita gida. Kada ki kira ni, ni zan kira."

"Don Allah maganar takarda..."

"Ba ni da niyyar kai ki ƙara, Sailuba. Har haka kika ɗauke ni?" Wannan ta fi komai yi min ciwo.

Minti goma bayan haka suka fito. Hajiya Awawu ta wuce ta gabana da kularta a hannu, ta tsaya, ta dubi wuyana. "Tun da na riƙe hannunki na sani," ta ce. "Fuska tana ɓoyewa, hannu ba ya yi." Ta shiga mota. Shi ko kallona bai yi ba.

Constance ta rungume ni a kicin tana cewa, "Kin yi daidai, Jummai, wallahi kin yi daidai." Ban ji kamar na yi daidai ba.

A hanyar komawa, muna hawa babban titi Yaya ya fara.

"Kin mayar da ni maƙaryaci a gaban baƙi."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Na tsaya na rantse miki, har da ruwan zafi. Ke kuma ko minti biyar ba ki iya ba. Duk abin da na yi, don wa na yi?"

"Don ni ka yi, kuma ban manta ba. Amma kai za ka koma gidanka bayan biki. Ni ce zan kwana da shi, in tashi da shi, yana lissafin shekarun da ba ni da su."

Ya juyo ya kalle ni har motar ta ɗan karkace. Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da nake. Da muka isa gida zan fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki ci abinci. Ba ki ci komai ba a can."

Na sauka ɗakina, na cire sarƙar na sa a akwatinta, na yi la'asar a makare. Na zauna a kan dadduma da waya a cinya. Ƙarfe biyar. Biyar da rabi. Saƙonnin barka na ta shigowa daga abokan aiki, kowanne da lamba talatin da biyar da balan-balan.

Shida saura kwata ya kira. Na ji ƙarar titi, yana tuƙi.

"Na sauke ta," ya ce. "Ta ce ba za ta zo ranar Lahadi ba. Ta ce in na zo ni kaɗai, kada in ƙara kiranta yaya."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Na yi ta zagaye tun ɗazu, har na wuce hanyar gidana sau biyu. Raina a ɓace yake, Sailuba, ba zan ɓoye miki ba. Amma na tambayi kaina, da tun ranar farko kin ce min arba'in, zan tafi? Ban sani ba. Wataƙila in tafi. Yanzu kuma na kasa tafiya." Ya ja numfashi. "Zan zo Lahadin, ko da liman ne ya raka ni. Abu ɗaya nake so. Ki faɗa min yanzu, ba gobe ba. Akwai wani abu kuma da ban sani ba?"

Masu karatu, a cikin durowar gefen gadona akwai farar ambulan. A watan Fabrairu na je wurin likitar mata ni kaɗai, aka yi min gwaji. Ta zaunar da ni, ta juyo min da kwamfutarta, ta ce ba ta ce ba zai yiwu ba, amma damar kaɗan ce ƙwarai, kuma kullum raguwa take. Ko Yaya bai sani ba. Ko Constance. Babu kalandar da za ta tona wannan, babu hannun da Hajiya za ta riƙe ta gane. In na ce "babu," ranar Lahadi za a sa min rana.

"Sailuba? Kina ji na?"

Na jawo durowar, na ɗauko ambulan ɗin.

"Akwai," na ce. "Ka samu wuri ka tsayar da motar tukuna."